Inda Baba Zai Je Ran Nan

Teloli ne suka sa wa babana suna Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga ajin koyon injiniyanci ba. Gyaran keken ɗinki yake yi. Ba shi da shago. Shagonsa wata tsohuwar jakar fata ce da yake ɗaurewa a bayan babur, cikinta sukudireba da filaya da 'yar kwalbar mai da tsumma. In keke ya fara tsinka zare ko tsallake ɗinki, shi ake kira. Yakan ce wa tela, "Taka in ji." Sai ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, can ya ce, "Keken nan lafiyarsa ƙalau, ƙafarka ce mai nauyi." A yi dariya, ya zauna ya gyara.

Babur ɗin ja ne, ko in ce ja ne a da, don rana ta cinye fentin. Baba ba ya ba kowa aronsa. Kullum sai ya goge shi kafin ya karya. Mamarmu, wadda yake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, takan ce da zai riƙa goge takalminsa haka, da an ɗauka manajan banki ta aura. Ita ta matsa masa ya yi wa babur ɗin inshora, babbar ma, wadda ake gyara wa mutum ko da shi ne da laifi. Ya yi ta gunaguni cewa shi bai taɓa buge ko kaza ba, amma duk shekara yana sabuntawa.

Duk inda aiki ya kai shi, lokacin tashin makaranta yana bakin ƙofa yana jiranta. Ta fito da jakar littattafan yara, ta zauna a karkace, ta dafa kafaɗarsa. Haka muka tashi muka gan su, ni da Yayana, har ciwon da ya kwantar da ita ya zama ajalinta, shekarun baya.

Yaya yana aiki nesa. Ni ce auta, ni ce kusa, ina da aurena da aikina a kantin magani, don haka ƙarshen mako nake leƙa Baba. Na ga wasu abubuwa, ban ɗauke su komai ba. Ya zuba sukari a shayi, ya sake zubawa. Wani tela ya ce mini Injiniya ya zo gyara keken da ya riga ya gyara jiya, muka yi dariya tare.

Ina wurin aiki aka kira ni, wai Baba ya daki bayan wata motar burodi da ke tsaye kusa da makarantar firamare. Ya kurje a hannu da gwiwa, aka wanke masa a asibiti aka sallame shi. Babur ɗin ne ya ji jiki: fitila ta tarwatse, tanki ya loɓa, ƙafar gaba ta lanƙwashe. A asibitin ma abin da yake tambaya ke nan.

"Kwantar da hankalinka, Baba," na ce. "Ai akwai inshora."

Ni na yi zirga-zirgar. Na ɗauki hotuna, na karɓo takardar 'yan sanda, bakaniken da ya daɗe yana duba masa babur ya rubuta abin da ya lalace. Daga baya aka ce sai mai babur ya zo ya faɗi yadda abin ya faru da bakinsa.

Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya fesa turare. Ofishin a saman bene yake, da kujerun roba a jere da wata fanka mai ƙara. Ma'aikacin da ke riƙe da maganarmu matashi ne mai ladabi. Ya san ni, don a zuwana na farko da yake tambayar iyalin mai babur na gaya masa Mama ta rasu. Ya miƙe ya gaida Baba, ya ja masa kujera.

Tambayoyin farko Baba ya amsa su tiryan-tiryan. Birki yana ci. Hular kwano tana kansa. Ba gudu yake yi ba. Har ya ce wa ma'aikacin fankarsu tana son mai, in za a ba shi tsani ya duba musu. Na ji hankalina ya kwanta.

"To Baba, ina za ka je a lokacin?"

"Ɗauko Malama. An tashi makaranta, ni kuma na makara. Ina ta duban bakin ƙofa ko zan hango ta, ban ankara da motar ba."

Ma'aikacin ya ci gaba da buga rubutu a kwamfuta. "Malama ita ce wa?"

"Maiɗakina mana. Uwar wannan."

Hannun ma'aikacin ya tsaya. Baba ya juyo gare ni, fuskarsa duk damuwa.

"Auta, ta yi fushi ko? Ta daɗe a tsaye? Wa ya kai ta gida?"

Da ƙyar na ce, "An kai ta, Baba."

"To madalla," ya ce, ya gyara zama.

Ma'aikacin ya kawo masa ruwa, ya ce in zo in sa hannu a waje. Babu wani sa hannu. A bakin matakala ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce zai rubuta cewa Baba yana kan hanyarsa ta zuwa makaranta ne, tunda hakan gaskiya ne, amma dole a haɗa da bayanin likita. Ya ƙara da cewa, "'Yar'uwa, ko ba don mu ba, ki kai shi a duba shi." Na gyaɗa kai. Na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar Mama, sannan na goge fuska na koma ciki.

Likita bai ɓoye mini ba. Ciwon mantuwa ne, ana lallaɓa shi amma ba ya komawa baya. Ya ce kada Baba ya sake hawa babur. Na kira Yaya, ya ce tsufa ne kawai, kowa yana mantuwa. Na gaya masa abin da Baba ya faɗa a ofis. Daga nan bai ƙara cewa tsufa ne ba.

Na kwaso Baba zuwa gidana. Kullum sai ya tambaya ko mutanen inshora sun kira. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, addu'a nake su ƙi biya, don in samu wanda zan ɗora wa laifi. Ban san da wane baki zan ce wa mutumin da ya koya mini tsallaka titi ba zai sake riƙe kan babur ba.

Suka biya. Wata ranar Asabar da hantsi bakanike ya turo babur ɗin har tsakar gida. Sabon tanki, sabuwar fitila, fenti ja jawur yana ɗaukar ido. Na tsaya ina bitar maganar da na shirya.

Baba ya fito daga ɗaki yana ɗingisawa kaɗan. Ya dubi babur ɗin, ya zagaya shi, hannayensa a baya. Bai taɓa shi ba.

"Auta, baƙo muka yi?"

"A'a, Baba."

"To ki ce wa mai shi ya matsar da shi. In an kawo nawa, nan zan ajiye."

Bakaniken ya durƙusa kamar zai duba iskar taya, ya daɗe bai ɗago ba.

Mun bar shi a zaure wata da watanni, ko zai gane shi wata rana. Sai dai ya raɓa ya wuce. Daga ƙarshe Yaya ya zo muka sayar wa wani mai kai saƙo. Baba ne ya riƙe masa ƙofa da zai fita da shi, ya ce masa ya riƙa sa hular kwano, ya yi masa addu'ar Allah ya tsare hanya.

Yanzu yawanci a falo yake wuni, kusa da taga. Akwai ranakun da yake tuna Mama ta rasu, ya yi kuka kamar yau aka gaya masa. Akwai ranakun da ba ya tunawa, ni ma na daina tuna masa. In na dawo daga aiki yakan ce, "Mutanen nan na inshora ba su da sauri ko kaɗan." Sai in ce suna kan aikin, in ajiye jakata, in je in ɗora masa ruwan wanka.