Wuƙar Albasar Iya a Danfon Baffa Sale

Gidan da na tashi a Agege yana bayan layin dogo ne. In jirgi zai wuce, kwanukan da ke kan kanta ne ke fara sanar da mu kafin mu ji ƙugin kansa. Kakata, wadda muke kira Iya, tana suyar ƙosai a ƙofar gida da yamma. In an idar da sallar isha'i ta sauke kasko, sai ta bar garwashin yana ci, mu jikoki mu kewaye murhu muna tsintar ɓurɓushi, ita kuma ta ba mu tatsuniya. Ni take kira maigidanta. Takan ce ba ta taɓa ganin miji mai ci ba cefane irina ba.

Ina ɗan yaro ne lokacin da ƙanen babana, Baffa Sale, autan Iya, ya samu danfo, 'yar bas ɗin hayar nan ta Legas, yana ja tsakanin Agege da Oshodi. Ba a daɗe ba 'yan tasha suka sa masa suna Guguwa. Shi da wasu direbobi sukan yi tsere a kan titi, wai a ga wanda zai riga isa. Fasinja na salati, 'yan tasha na dukan jikin mota suna kiran sunansa. Iya ta yi faɗa, ta yi kuka. Shi dai dariya yake yi.

"Iya, Legas ce fa. In ka tsaya sai a bi ta kanka."

Wata rana ya dawo, ya zauna a benci yana cin ƙosai, yana ba mu labarin yadda ya shiga tsakanin tirela da babbar bas ɗin nan moluwe ya fita. Iya ba ta ko dube shi ba. Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Yau ba tatsuniya, kada wanda ya amsa mini. Wannan kakanku ne ya ji shi a bakin Bagiriken da ya yi wa aikin barga a Apapa."

Ta ce a ƙasar Rum ta dā akwai wani fili da duk mutanen Agege ba za su cika gefe guda nasa ba. A nan ake tseren keken doki. Keken ɗan ƙarami ne, ƙafa biyu, ba wurin zama, dawaki huɗu ke jan sa. Mutanen gari sun kasu, wasu na masu koren kaya, wasu na masu shuɗi, har wa da ƙane kan daina gaisawa a kan haka. Mai tuƙi ba ya riƙe igiyoyin linzami a hannu kawai, ɗaure su yake yi a ƙugunsa, don ya riƙa juya dawakin da nauyin jikinsa. Saboda haka kowanne yakan soke 'yar wuƙa a ɗamara. In keken ya kife, ya yanke igiyar, ya tsira.

"In bai yanke ba fa, Iya?" in ji ni.

"Maigida, ka bari in kai ka."

Akwai wani saurayi cikin masu kore da ba a taɓa wuce shi ba. Ran nan masu shuɗi suka yi ta yi masa ihu, wai matsoraci ne, shi ya sa yake yawo da wuƙa. Sai ya zaro ta, ya ɗaga kowa ya gani, ya wurgar a kan yashi. Filin ya ɗauki tafi kamar ruwa a kan kwano. Aka saki dawaki. Suka yi ta zagayawa, yana gaba. A kwanar ƙarshe ya matse jikin ginshiƙin da ake kewayawa, ƙafar keken ta taɓa dutse, ta tarwatse.

Iya ta rage murya. "Ya kai hannu ɗamara. Ya sake kaiwa. Dawakin ba su san ya faɗi ba, su dai tafi suke ji, suka ƙara wuta."

Daidai nan jirgi ya taho, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashinmu. Wallahi ni kofatai na ji. Na ƙanƙame zanen Iya.

"Mutanen ba su tsayar da su ba?"

"Su da suka zo kallo? Miƙewa suka yi don su gani da kyau. Aka kwashe shi, aka watsa sabon yashi a wurin, aka fito da wasu dawakin. Kafin la'asar sunan wani suke kira."

Ba ta rufe labarin yadda ta saba rufe tatsuniya ba. Ta yayyafa wa garwashi ruwa kawai. Baffa Sale ya yi 'yar dariya, ya ce Iya ta iya shirya labari, ya tashi. Amma ya bar ƙosai biyu a takarda, abin da bai taɓa yi ba.

Na kasa barci. Da na rufe ido sai in ga Baffa ana jan sa a kan kwalta, hannunsa na laluben ƙugu. Da asuba, yana masallaci, na ɗauki wuƙar da Iya ke yanka albasa, na buɗe danfon, na jefa ta cikin ɗan akwatin da ke gaban mota.

Ranar nan ta yi mini tsawo. Iya na ta neman wuƙarta tana zargin maƙwabta, ni kuwa ko wace ƙara na ji daga titi sai in ruga in leƙa. Magariba ta yi bai dawo ba. Isha'i ta yi bai dawo ba. Iya ta ƙona kasko guda na ƙosai tana kallon hanya. Can sai ga shi, ransa a ɓace, wuƙar a hannunsa.

"Wane ne ya sa mini wannan? Da 'yan sanda sun buɗe wurin yau, da a ina zan kwana?"

Na fashe da kuka. "Don ka yanke ne, Baffa. In ta kife."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya dube ni, sannan ya miƙa wa Iya wuƙar. Ta ƙi karɓa. Ta ce, "Maigidana ya ba ka. Ni na sayi wata."

Na girma ina ɗauka Iya ce ta ƙirƙiro ƙasar da dawakinta don ta tsorata ɗanta. Sai bana, a ajinmu na yaƙi da jahilci, malaminmu ya nuna mana hoton wani tsohon sassaƙe na Rumawa a wayarsa. Ga mai tuƙi, ga igiya naɗe a jikinsa, ga kan 'yar wuƙa a ɗamara. Da furfurata, sai da na roƙi malam ya sake nuna mini.

Ran Lahadi na tafi Isolo wurin Baffa Sale. Ya tsufa, ya bar tuƙi, yana zaune a ƙofar gida jikoki na hawa kansa. Na ba shi labarin hoton, na tambaye shi ko ya tuna wuƙar.

"Ai a akwatin na mayar da ita," in ji shi. "Ba ta taɓa yanka komai ba. Amma motar nan, da na taka ta wuce misali, sai wuƙar ta fara kaɗawa a ciki, ƙar-ƙar-ƙar. 'Yan tasha na ihun Guguwa, ni kuwa ita nake ji. Sai in ɗaga ƙafa."

"Suka ce me?"

"Suka ce na zama matsoraci. Kafin wata ya ƙare sun ba wani yaro sunan."

Ban tambaye shi ina yaron yake yanzu ba. Shi ma bai faɗa ba. Ya jawo jikansa ya ɗora a cinya, ya ce a kawo mana shayi.