Kwana Biyar da Takardar Goggo a Aljihuna

Mun bar Dakoro da asuba, ana fitowa daga masallaci, mu uku: ni, da wani dattijo makiyayi daga Azagor, da shugabar matan unguwarmu. Wani ƙaramin ƙauye ne a Faransa da ya daɗe yana taimaka mana da gyaran rijiyoyi ya gayyaci kwamitinmu, ni kuwa aka sa ni ciki don ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ina jin Faransanci. Abin da abokan tafiyata ba su sani ba shi ne akwai wata tsohuwar takarda a aljihuna na ciki. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta ba ni ana gobe za mu tashi. Ta haura tamanin. Tana goye aka ɗauki mahaifinta soja a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba, sai wannan takarda da ta zo ɗauke da sunan garin da ya rasu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ka biɗo mini inda anka aje Baba, ka yi mai addu'a. Ni ko huskatai ban sani ba." Na duba taswira a wayata, garin bai fi tafiyar awa ɗaya a mota daga ƙauyen da za mu sauka ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kamar abin a hannuna yake.

Hatsi ya fara fidda kai daga Kornaka har Sabon Maci, ido sai ya ƙoshi da kore. A Maraɗi muka hau babbar mota zuwa Yamai, muka wuni muna cin kilishi da ƙafafu a kumbure. Na jirgin sama ba sai na faɗa ba: tun da ya ɗaga dattijon nan bai saki tasbaha ba har muka sauka. Daga nan jirgin ƙasa, inda na sayi ƙaramar gorar ruwa da kuɗin da zai ci da gidana hura kwana biyu. Na sha ta a hankali kamar magani.

Wadda ta saukar da mu tsohuwar malamar asibiti ce mai farin gashi, ta taɓa zuwa Dakoro sau biyu, ta iya cewa "sannu da aiki" da "madalla". Ta tsara mana kwanakinmu shida a takarda, awa bayan awa, ta liƙa a jikin firij. To a nan na shiga uku. A wajenmu baƙo ba ya sauke buƙatarsa a bakin ƙofa. Sai ya sha ruwa, ya ci abinci, ya huta, sannan mai gida ya matso ya ce, "To, ko akwai wani abin da ke tafe da kai?" Ita wannan tambaya na zauna jira. Matar nan ta tambaye ni ko na ƙoshi, ko ina jin sanyi, ko katifa ta yi mini tauri. Waccan ɗaya dai ba ta zo ba.

Ranar farko ta kai mu tsohon cocinsu na dutse, wanda ta ce ya girmi kakannin kakanninta. Sanyin cikinsa kamar na randa, matakalar ƙofa kuma ta lotsa a tsakiya saboda yawan takawa. A bayansa akwai wurin wanki na da, rumfa ce da kwatami ruwa yana gudana a ciki dare da rana, babu mai wanke ko ɗankwali. Kusa da shi muka tarar da rijiya an rufe bakinta da ƙarfe, an dasa furanni a cikin gugan. Shugabar mata ta leƙa ta ga ruwa nan kusa, igiya gaba biyu ta isa. Ta juyo ta dube ni kamar ni na rufe ta. Mu da sai shanu sun ja igiya sun yi nisa kafin wasaki ya fito, ga mutane sun mai da rijiya kayan ado.

Rana ta biyu muka hau tudu zuwa kangon wani gidan sarauta, bango ya zube rabi, akwai ƴan tagogi sirara da aka ce ta nan ake harbo kibiya. Daga sama ana ganin kwarin gaba ɗaya, gonaki a yanke kamar an auna da zare. Dattijo bai damu da bango ba. Shanu ya hango a wani fili, manya-manya, farare, babu kowa tare da su. Hankalinsa ya tashi, ya ce lalle sun ɓace wa mai su, a je a yi cigiya. Sai da aka nuna masa siririyar wayar lantarki da ta kewaye filin. Ya daɗe yana kallonta, ya ce saniyar da waya ke kiwo ba za ta san muryar kowa ba. Da rana aka kawo mana irin nasu cukun, mai laushi da wari. Ya sunsuna ya ce mini da Hausa, "Wanga ya mutu tun bara." Ya ciro namu busasshe daga jaka ya raba wa mutanen gidan, suka yi ta gwagwiya suna yabawa don kara.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Mun ga tsohon injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa, mun bi hanyar daji da aka shafa wa itatuwanta fenti ja da fari don kada mai yawo ya ɓace. Mutane suna saka takalma masu nauyi su yi tafiyar awa uku a ƙasa ba don za su kasuwa ko biɗar jaki ba, don nishaɗi kawai. Na ji daɗin wuraren nan, ba zan yi ƙarya ba, amma kowace safiya in na ga mai masaukinmu ta soke rana ɗaya a jikin firij sai gabana ya faɗi. Sau biyu na buɗe baki. Sai in ga tana dafe gwiwa tana hawa mota, in tuna ita ke dafa mana, ita ke tuƙa mu, in ji kunya ta rufe ni. Ta yaya zan ɗora wa tsohuwa wata ɗawainiya da ba ta tambaya ba?

Rana ta biyar, ana gobe za mu koma, muka tsaya gaban ofishin magajin gari, inda aka kafa dogon dutse da sunayen ƴaƴan ƙauyen da suka mutu a yaƙi. Na san sunan kakana ba ya nan, amma na karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya cika. Shugabar mata ta ja ni gefe ta tambaye ni lafiya. Na gaya mata. Ban taɓa ganin ta fusata haka ba. Ta ce, "Mushe, kwana biyar kana ɗauke da wanga abu ka yi shiru? Karatunka na mi ne? Mutanen nan ba su tambaya, hwaɗi akai!" Ta karɓe takardar ta je ta danƙa a hannun mai masaukinmu.

Matar ta sa tabarau ta karanta, ta ɗago ta tambaye ni me ya sa ban faɗa ba tun ranar farko. Na ce ina jira ta tambaye ni. Ta ce ta lura akwai abin da ke damuna, amma a wajensu tambayar baƙo irin wannan shiga sharo ba shanu ne, shi ya sa ta kama bakinta. Ashe ni ina kunyarta, ita tana kunyata. Nan take ta soke yawon kwale-kwale da aka shirya mana da yamma, sokewar da ta fi komai yi wa dattijo daɗi a duk tafiyar.

Maƙabartar sojan tana tsakiyar gonaki, nesa da gari, babu mai gadi. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai ɗan akwati da littafin sunaye a ciki. Mai masaukinmu ce ta buɗe, ita ta samo sunan. Muka wuce layukan gicciye zuwa wani ɓangare inda duwatsun ke da rubutun Larabci a sama. Na ga sunan kakana. Dattijo ya lura layin nan ya karkace bai bi sauran ba, muka gwada da wayata, ashe alƙibla aka bi. Shi ya ja mana addu'a, mai masaukinmu ta ja baya ta rufe kanta da gyale. Na yi kuka sosai. Raina ya ɓaci da aka ɗauko saurayi daga gonarsa ya zo ya mutu a yaƙin da ba nasa ba, kuma na gode wa duk wanda ya yi shekara da shekaru yana yanke ciyawar kabarin mutumin da bai sani ba. Duka biyun na ji a lokaci ɗaya.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin saura ƙiris kunya ta sa in koma wa Goggo hannu rabbana. Kunya abu ne mai kyau a inda aka san ta, amma in ka je inda ba a san irin taka ba, ka buɗe baki ka faɗi abin da ya kawo ka. Na gode wa matan nan biyu, wadda ta yi mini faɗa da wadda ta tuƙa mu.

Na iso Dakoro bayan la'asar, ban ko ajiye jaka ba na wuce gidan Goggo. Na nuna mata hoto a waya, ta kai shi kusa da ido, ta mayar mini, ba ta ganin komai. Ta ce, "Sun sa shi gabas?" Na ce sun sa shi. Ta ce, "Shi ɗai ne?" Na ce Musulmi ne dama da hagunsa. Ta ja bakin zanenta. Can ta ɗaga murya ta kira matan gida ta ce, "A jiƙa hatsi a yi gumba. Ku gaya ma maƙwabta gobe muna sadakar Baba." Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa suna yi mata gaisuwar rashin uba, tana amsawa.