Hancin Verna Spalding

Tun Verna Spalding tana 'yar mitsitsiya hancinta yake ja mata faɗa. A gonar tabar babanta ta tashi, can bayan Bardstown a jihar Kentucky, gida mai yara bakwai da garken aladu. Ita ce mai ture kofin madara ta ce ta fara juyawa, alhali kowa ya sha bai ji komai ba. A coci ba ta yarda a zaunar da ita kusa da wata tsohuwa mai warin kafur da ruɓaɓɓen haƙori. Uwarta ta sha mintsininta a cinya saboda haka.

"Ke wace irin yarinya ce? Kowa wari yake miki? Ke da turare aka haife ki?"

Ranar da ta fi tsana ita ce ranar da motar tanki take kawo wa aladu dusar giya daga matata, da zafinta tana tururi, ƙudaje na bin ta a baya. Aladu su zuba kai ciki har kunne, su ɗago tana zuba daga hancinsu. Verna ta rantse ko yunwa za ta kashe ta ba za ta yi aiki a gidan giya ba. To amma a wannan yanki in ba taba ba sai wiski, taba kuwa kasuwarta ta fara mutuwa. Ba ta cika ashirin ba ta tsinci kanta a wata babbar matata tana manna wa kwalabe takarda.

Kamfanin yakan gwada ma'aikata lokaci-lokaci. A jera maka kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ka nuna baren. Verna ta nuna. Aka sake jerawa, ta sake nunawa. Sai aka mayar da ita bene, wani farin ɗaki inda aka hana shiga da turare, da taba, da cingam. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta shiga ɗakin da ba ya warin kowa, kuma ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi barci.

Ba mashayiya ba ce, har ta tsufa ba ta zama ba. Ta shinshina, ta ɗan kurɓa, ta juya a baki, ta tofar. Amma a hankali ta fara ganin girman abin. Masara ce da ruwa aka zuba a gangar katako da aka babbake cikinta, aka bar wa zafi da sanyi shekara da shekaru, sai ga shi ya fito da ƙamshin ƙonannen sukari da ayaba da ɗan yaji a ƙarshen harshe. Ba ta da dogon bayani a kai. In ganga ta yi, ta ce ta nuna. In ba ta yi ba, ta ce da saura.

A matatar ta haɗu da Dewey, mai gangara ganguna a rumbun ajiya. Ƙamshin katako da sabulu kawai yake yi mata, shi ya sa ta aure shi. Shi ma ya sani.

"Ai ni ba kyauna ta aura ba," in ji shi a gaban mutane, "wankana ta aura."

Ta yi ritaya ke nan tana shirin hutawa, sai ga Colby Hagan, ɗan ƙawarta, yaron da ta sha wanke wa kashi yana jariri. Ya gyara tsohon garken shanun kakansa ya kafa 'yar ƙaramar matata, irin waɗanda samari suke ta buɗewa a lokacin, ganga kaɗan, kwalba mai tsada.

"Anti Verna, ki zo ki riƙe mini hanci. Ni dafawa na iya, zaɓe ban iya ba."

Ta je. Bai tsaya nan ba, ya sa aka zana fuskarta a jikin kwalbar, da gilashin idonta da komai, aka rubuta Zaɓin Anti Verna a ƙasa. Daga nan baƙi suka fara zuwa mota-mota daga birane, su biya kuɗi a zaunar da su a dogon tebur, Verna ta tsaya a kansu tana zuba musu.

Nan ne ƙyamarta ta ƙuruciya ta dawo sabuwa. Mutum ya shafe gemunsa da mai mai ƙamshin lemo, ya fesa turare har wuya, sannan ya cusa hanci a kofi ya lumshe ido ya ce yana jin ƙamshin tsohon sirdi da ruwan sama ya daka. Wani ya ce shi ƙamshin cikin jakar hannun kakarsa yake ji. Su guntsa su yi ta kurkure baki da ƙara, kumatu na motsi. Yawancinsu haɗiyewa suke yi. Masu tofarwar kuma ba su iya ba, rabi ya faɗa bokiti, rabi ya bi gemu ya ɗiga a riga. Kafin yamma bokitin tofin ya yi kumfa, ga yawu yana yawo a sama kamar ƙwan kwaɗi, ga ɓawon gyaɗa da wani ya jefa.

"Wai jakar kakarsa," ta ce wa Dewey suna cin wake da burodin masara. "To ya je ya lashi jakar mana, ya huta da biyan kuɗi."

"Ke dai ki zuba musu. Su suke biyan albashinki."

"Ka ga yawun kuwa? Mtsw. Ka bar maganar, abinci nake ci."

Duk da haka tana jurewa, domin da safe kafin baƙi su iso takan shiga rumbu ita kaɗai, ta buɗe ganga, ta ji abin da ta sani. Wannan yana wanke mata sauran.

Sai shekarar annobar tari ta zo. Ta kwanta da zazzaɓi, ta tashi lafiya, amma hancin ya mutu murus. Ta yanka albasa ta kai har bakin hanci, shiru. Ta yi kuka a ɗakin girki, ba don albasar ba. Likita ya ce ta yi haƙuri, yawanci yana dawowa.

Ya dawo kuwa, bayan wasu watanni, amma a karkace. Wata safiya Dewey ya ɗora shayin kofi a wuta, sai ta ji kamar an buɗe masai an ƙona taya a ciki. Ta fito da gudu tana neman inda bututu ya fashe. Naman da yake soyawa ya koma mata mushe. Man goge baki ya koma fetur. Da Dewey ya matso ya dafa kafaɗarta, ta ja da baya ta toshe hanci, domin mijinta na shekara arba'in warin ruɓaɓɓiyar albasa yake yi mata.

"Yanzu na fito daga wanka fa, Verna."

"Na sani. Ba kai ba ne. Don Allah ka ɗan matsa."

Ya matsa. Daga ranar ya kwashe tukwanensa ya koma baranda da girki.

Wiski ya fi komai muni. Ta buɗe gangar da ta fi so a rumbun Colby, sai ɗoyin mataccen ɓera da ya kumbura a kwata ya daki fuskarta, da wani zaƙi-zaƙi a bayansa mai tayar da zuciya. Ta gwada ta biyu da ta uku, duk ɓeran ne. Ta samu Colby a ofis ta gaya masa gaskiya, ta ce ya nemi wani.

Colby ya rufe ƙofa. "Anti, wa kika gaya wa?"

"Dewey."

"To ya tsaya a nan. Fuskarki ce a kwalba. Mutanen nan ke suke zuwa gani, ba ni ba. Ni zan riƙa zaɓen, in gaya miki abin da za ki ce, ke kuma ki faɗa."

"Kai da ka ce ba ka iya zaɓe ba?"

"Na koya a wurinki. Haba Anti, ki rufa mini asiri, wata uku kawai, kafin hancin ya daidaita."

Ta dube shi, ta ga fuskar uwarsa, ta ce to.

Wata uku suka wuce, aka shiga na shida. Kullum ta tsaya a kan tebur, ta kai kofi hanci ta riƙe numfashi, ta guntsi ruwan mushe ta juya a baki tana murmushi, ta ce akwai zuma da kirfa a ciki. Baƙi su gyaɗa kai su ce lallai, su ma yanzu suka ji zumar. Wata rana don ta gwada su ta ce akwai ɗan ƙamshin tuffa, abin da Colby bai faɗa ba, nan take mutum huɗu suka ji tuffa, har wata ta faɗi irin tuffar. Ta koma gida ta wanke baki da ruwan gishiri har dasashinta ya yi jini. Ta rame, domin ban da shinkafa mai sanyi da dafaffen dankali ba abin da yake shiga cikinta. Su take ƙyama ko kanta, ta daina rarrabewa.

Wata Asabar cikin zafi wata ƙungiyar masu tara kwalabe ta zo daga Chicago, za su sayi ganga guda sukutum. Shugabansu wani jibgegen mutum ne mai jan gemu, zufa ta jiƙe masa hammata. Aka jera samfuri daga ganga biyar. Ya yi ta kurkura yana rubuce-rubuce a waya, sannan suka tsaya a kan ta huɗu. Ya cika kofi biyu, ya miƙa wa Verna ɗaya.

"Mama, yau ba tofarwa. Mu a al'adarmu, in mun zaɓi ganga, da mai hancin muke shanyewa. Ku ɗauke mu hoto!"

"Ɗana, ni ba na haɗiya."

"Haba Mama, kurɓi ɗaya! Daga Chicago fa muka taso saboda ke."

Ya rungumo kafaɗarta, fuskarta ta kusa shiga hammatarsa. Ta dubi Colby. Colby ya haɗa hannuwa yana roƙonta da ido. Ta ɗaga kofin ta haɗiye.

Wiskin bai kai ciki ba ya juyo. Ta rarumi bokitin tofi, da ta ga abin da ke cikinsa kuma sai komai ya ƙwace. Ta yi ta kelaya amai, rabi a bokiti, rabi a kan takalmin mai jan gemu, wayoyi na ɗauka. Da ta ɗago ta goge baki da bayan hannu, sai mai jan gemu ya tambaye ta.

"Mama, gangar ce? Akwai matsala a gangar?"

"Ban sani ba," ta ce. "Na fi shekara ban san ƙamshin komai ba. Wannan da kuka zaɓa mataccen ɓera yake mini. Sauran huɗun ma haka. Kai ma haka."

Ta cire rigar aikin ta ajiye a tebur, ta fita ta zauna a mota, ta buɗe tagogi duka.

Colby ya yi wata biyu bai yi mata magana ba. Ta ɗauka ta karya shi, abin ya dame ta, har ta je ta ba uwarsa haƙuri. Ashe ba abin da ya karye. Mutanen Chicago sun sayi gangarsu, suka sa mata suna Gangar Amai, suka buga hoton aman a jikin kwalba, ta ƙare kafin mako ya zagayo. Baƙi suka ƙaru, kowa yana so a nuna masa inda abin ya faru. Colby ya ɗauko wani saurayi mai zaƙin baki ya tsayar a kan tebur. Fuskarta kuwa tana nan a kwalba har yau, ta ce ya cire, ya ce takardun da ya buga da yawa, sai sun ƙare.

Da Dewey ya ba ta labarin Gangar Amai yana dariya har da hawaye, ita ba ta yi dariya ba.

"Wato suna sha suna kallon hoton?"

"Har layi ake yi."

"Tir. Allah ya sawwaƙe."

Yanzu tana aiki kwana biyu a mako a ɗakin karatu na gari, tana jera littattafai, domin takarda ba ta yi mata wari. Wasu abubuwan sun dawo daidai: ciyawa da aka yanke, da lemon tsami, da kankana. Dewey ma ya dawo rabi, in iska tana kaɗawa suna iya zama kujera ɗaya. Shayin kofi bai dawo ba, nama bai dawo ba. Likita ya ba ta wasu 'yan kwalaben man ƙamshi ta riƙa shinshinawa safe da yamma, tana yi in ta tuna.

A Kirsimetin bara Colby ya zo gaishe ta da kansa, da kwalba a naɗe cikin jar takarda. Ya ce daga cikin gangunan farko ne da ta zaɓa da hancinta lokacin yana lafiya, ya ɓoye ɗaya bai sayar ba. Ta karɓa ta yi godiya, ta tambayi uwarsa da yara. Bayan ya tafi ta buɗe murfin, ta kai hanci daga nesa, ta mayar ta rufe da sauri ta miƙa wa Dewey.

Dewey ya ɗaga kwalbar yana duba launinta a hasken taga. Ya ɗauko babban kofin roba, ya cika da ƙanƙara, ya tuttula wiskin, ya bi shi da lemon kwalba har baki, ya juya da ɗan yatsa ya tsotse yatsan.

"Shekara goma sha biyu a ganga," ta ce, "ka zuba masa lemo."

"Ni haka yake mini daɗi."

"To ɗauki abinka ka fita baranda. Ka ja mini ƙofar."