Yadda Ƙafar Yahuza Ta Yanke Gida Bakwai

A Kafin Ɗinya, wani ƙauye ta wajen Wurno, idan mutum biyu suka saɓa kan iyakar gona, Yahuza ake kira. Ajinsa huɗu a firamare ya gudu, amma ƙasar garin a tafin ƙafarsa take. Ya san gamban da kakan wane ya dasa, ya san tushen kirya da aka sare tun kafin a haife shi. Har cewa ake yi idan jaki ya ɓata, Yahuza yake tambaya hanyar gida.

Hanya ɗaya ce tak ba ya bi: ƙofar gidan surukarsa, Inna Azumi. Lokacin da yake neman 'yarta Nasiha, an kawo masa tuwon dawa miyar kuka a zaure. Maimakon ya taɓa ya ture kamar kowane ɗan mutunci, sai ya leƙa, ya ga ba kowa, ya share kwanon tas. Yana cikin suɗe gefen kwanon da yatsa Inna Azumi ta shigo ɗaukar tabarma. Ba ta ce komai ba. Shekara goma sha tara ke nan, har yau Yahuza bai gama jin shirun nan ba. Gaisuwa sai ta bakin Nasiha. Gidan Inna kuwa shi ne na ƙarshe a gabas, ƙofarsa na kallon gonaki, ita kuma kullum tana gindin darbejiya tana ɓarzar kalwa. Don haka ko gonarsa zai je, sai ya kutsa wani lungu, ya bar gidanta da gidaje shida a hannun dama, ya ɓulla ta bayan masallaci.

Bara aka ce za a sake shata mazaɓun kansiloli, saboda jama'a ta ƙaru. Ma'aikaci ya zo, wani Malam Kamaluddeen, da na'ura kamar waya wadda ke zana duk inda aka taka. Ya yi wa mai unguwa bayani a fili:

"Ranka ya daɗe, ba a so a raba unguwa. Masu rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya, su zauna mazaɓa ɗaya. A ba ni wanda zai zagaya da ni bakin gari."

Wa za a ba shi in ba Yahuza ba? Ya sa rigar sallah ranar Talata, ya shiga gaba yana baza hannu kamar shi ya kafa garin. Arewa daidai, yamma daidai, kudu daidai. Da suka doshi gabas, sai ya hango farin kallabi a gindin darbejiya. Shi dai ya rantse bai yi niyya ba. Ƙafar ce ta karya kwana da kanta, ta faɗa lungun da ta saba.

"Nan ne bakin garin?" in ji Malam Kamaluddeen, idonsa a kan na'ura.

"Nan ake bi," in ji Yahuza. Kuma ai bai yi ƙarya ba, nan yake bi.

Bayan sati uku aka liƙa taswira a bangon firamare, aka ba da kwana goma sha huɗu ga mai ƙorafi. Gida bakwai sun faɗa mazaɓar ƙetaren rafi. Can za su yi zaɓe, can za su nemi takin zamani, wurin kansilan da bai san ko sunan kakansu ba. Gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce mai unguwa ne ya sayar da su don ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Mutanen gida bakwai suka daina sallah a bayan liman, suka fara jan tasu a ƙofar gida. Inna Azumi ta aiko wa 'yarta saƙo: mijinta marigayi, uban Nasiha, yana kwance a maƙabartar garin nan, a tambayar mata ko shi ma za a tone shi a kai ƙetare.

Yahuza, mutumin da ke cin malmala biyar yana tambayar ko akwai ƙanzo, ya koma rabin malmala. Kwana tara yana haka. Ranar ta goma Nasiha ta dawo daga kai yara makaranta, ta tsaya a kansa.

"Malam, na ga zanen nan. Layin ya shiga lungun gidan mai gishiri, ya ɓulla bayan masallaci."

"To?"

"To wace halitta ce a garin nan take bin wannan hanya, in ba kai da akuyar liman ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tuwo ɗaya," in ji ta, "ya kori uwata daga garinsu."

Ranar Juma'a bayan an idar, Yahuza ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce mai unguwa ba shi da laifi. Ya faɗi lungun. Aka ce me ya kai shi lungu? Dole ya faɗi kwanon. Wani tsoho a sahun gaba ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Mai unguwa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Saura kaɗan ka raba masallaci biyu saboda miyar kuka."

Aka kai ƙorafi ana saura kwana biyu. Malam Kamaluddeen ya dawo, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Wannan karon rabin gari ne ya biyo su. Tun daga nesa Yahuza ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Ya iso gindin darbejiya, ya zube, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, Yahuza. Ashe kana da murya." Ta ci gaba da ɓarzar kalwa. "Tashi ka sa mu a gari. In ka gama ka dawo, na sa an tuƙa maka. Kwanon ma yana nan, ban taɓa samun wanda ya wanke shi kamarka ba."

Ya tashi ya zagaye gida bakwai ɗaya bayan ɗaya, na'ura na biye, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Sabuwar taswira ta fito da su a cikin gari, sallah ta koma bayan liman ɗaya. Tuwon kuwa ya dawo ya ci, a gabanta, loma uku, ya ture kwanon.