Wajen Fulatanci babu komai

Jiya malamin dabbobi ya taso daga Kalgo har rugarmu kusa da Ceberu, don duba saniyar Goggo Dije, ƙanwar babana, da hantsarta ta kumbura. Da ya gama, sai ya kunna wata manhaja mai bayanin cututtukan shanu da murya, wadda tun bara ya tura a wayoyin 'yan rugar. Akwai Hausa, akwai Zabarmanci. Wajen Fulatanci babu komai.

Ina ganin manhajar na gane ta. Matasa ne daga Nijar da Benin da nan gida suka haɗu suka gina ta, kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara. Wani abokin karatuna ɗan Dosso da ke cikinsu ya yi ta roƙona in karanta musu Fulatancin su naɗi muryata. Na ce ba na aikin da babu biya, na fice daga zaurensu na WhatsApp.

Goggo ba ta jin Hausa sosai, ni na fassara mata. Da muka zo kan alamomin farko na ciwon, ta ce sati biyu ke nan tana ganinsu. Sannan ta dube ni.

"Buba, masu abin nan, duk cikinsu ba a samu ɗan Fulani ɗaya da ya yi boko ba?"

"An samu, Goggo."

"To, ina ya shiga?"

Na sunkuyar da kai. Malamin ya ce nono ɗaya ya riga ya mutu.

Na samo lambar abokin nawa, amma na kasa kira. Ku da kuka taɓa guje wa aikin gayya, da wane baki kuka koma?