Lotsattsen Mudun Kakana

Jiya da hantsi na farke ledar yaji da haƙori, ƙamshin kimba ya daki hancina, sai na tsaya riƙe da ita a bakin murhu kamar wadda aka kira daga nesa. A kantin nan na kayan miya da kayan ƙamshi na sayo ta, mai rassa a birni da Kabo da Gwarzo. Kayansu masu kyau ne, ba zan yi musu ƙazafi ba. Amma duk ranar da na ji kimba, rumfar kakana nake gani a bakin kasuwar Gwarzo, da shi a zaune a kan buzunsa.

Kaka mahaifin babana ne, kuma kayan yaji yake sayarwa tun kafin a haifi baban nawa. Rumfar ba wata babba ba ce, rufin kwano ne a kan azara, buhuna a jere an naɗe musu baki: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, sai daddawa can gefe a cikin ƙwarya. Ni ke kai masa abincin rana idan an tashe mu daga boko, kuma ba na komawa gida sai an kira la'asar. Da ya hango ni zai fara: "Amarya, yau ma miyar babu nama? Ni fa zan sake ki." Ni kuwa bakina bai mutu ba tun ina ƙarama, sai in ce ya sake ni ɗin, mu ga wadda za ta kwashi mai warin daddawa. Ya yi ta dariya har hularsa ta karkace.

Na yi wayo ne a shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aljihun da dama babu komai a cikinsa. Nama ya ƙaura daga tukwane, man gyaɗa ya koma na ɗigawa. Kuka da daddawa da ɗan yaji su suka riƙe gidaje, don idan miya ta yi ɗanɗano tuwo yakan wuce ko da babu tsoka. A lokacin ne 'yan kasuwa da yawa suka fara janye hannu daga gyara. In kai ɗan yau ne, mai karatu, gyara shi ne ɗan abin da mai sayarwa ke ƙara maka bayan ya gama awo, ba don ka biya ba, don dai ku rabu da daɗi.

Kaka yana da ɗabi'u biyu a wajen awo da duk kasuwar ta san shi da su. Idan ya cika mudu ya yi masa tozo ya juye a ledar mai saye, ba ya ɗagawa nan take. Sai ya bar shi a kife ya ɗauki wuƙarsa ya ƙwanƙwasa gindin mudun da ƙotarta, ƙwas, ƙwas, har sai garin da ya manne ya sauka duka. Yakan ce abin da ya maƙale a mudu na mai saye ne. Bayan nan sai gyara, shi kuma da hannu yake ɗiba, kuma sai ya dubi fuskar yaron da aka aiko tukuna. Idan ɗan gidan da maigida ya tafi cirani ne, ko gidan da aka yi rashi, yakan nutsa hannun har wuyan hannu. Ina zaune ina kallo, wani lokaci har haushi nake ji, in ce wannan tsoho zai rabar da gadona.

Cikin masu zuwa da ƙafarsu akwai malamar ajinmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Takan rusuna ta gaishe shi da Hausarta mai daɗi, ta sayi kuka da daddawa. Shi kuma ya tambaye ta ko amaryarsa tana gane karatu ko surutu kawai take kai musu.

Kantin ya zo garinmu ne a daidai lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a. Kaka na cikin waɗanda suka fi kowa murna da Shari'ar, har sababbin batura ya saya wa rediyonsa don kada wa'azi ya wuce shi. A wa'azin nan kuwa babu abin da ake yawan ja wa 'yan kasuwa kunne a kai kamar tauye mudu. Shi kuma kantin a bakin kwalta aka buɗe shi, da ƙofar gilashi da sikeli, komai a niƙe a ɗure a leda an like baki. Ma'aikata suka fara zuwa, sai masu hidimar biki da suna. Maƙwabtan Kaka a layin 'yan yaji suka shiga damuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Wata ranar kasuwa a bazara, ana zafin nan da ke sa barkono ya hau ido, na iso da kwanon abinci na tarar da mutane a layin. Waɗanda aka ɗora wa duba ma'auni ne suke bi rumfa rumfa, da sabon mudunsu da ɗan buhun gero. Da suka zo kan Kaka shi ya fara yi musu maraba, ya miƙa mudunsa da hannu biyu yana murmushi. Suka cika nasu suka shafe bakinsa, suka juye a nasa. Na Kaka ya cika taf, ga gero ya rage a nasu, kamar cikin tafin hannu. Shugabansu ya zubar ya sake gwadawa, haka dai. Sai ya kifa mudun, kowa ya ga gindin ya lotsa ciki, irin lotsawar da macuta ke yi da guduma.

Mutumin nan ɗan abokin Kaka ne, sahu ɗaya suke sallah. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, mun san ba da gangan ba ne. A dai canza shi." Amma kasuwa ba ta da sirri. Daga bayan taron wani saurayi ya ce, "Ashe har da tsofaffi." Kaka bai ɗaga kai ba. Ya karɓi mudun ya sa babban yatsansa a lotsawar, ya daɗe yana shafawa, sannan ya juya ya dubi wuƙarsa da ke kan buhun kuka. Ni ma sai a lokacin na gane. Ƙwanƙwasar da yake yi shekara da shekaru don kada ya riƙe wa kowa ko ƙwayar gari, ita ce ta tura gindin mudun ciki. A ranar, da abincinsa na koma gida, ko murfin bai buɗe ba.

Washegari bai fita ba, jibi ma haka. Babana ya sayo masa sabon mudu fari tas, ya ajiye a ƙofar ɗakinsa, kaji suka yi ta hawa kai. A gari kuwa magana ta bazu, kuma magana idan ta yi tafiya kaya take ƙarawa. Mutane suka ce in dai har na tsohon nan bugagge ne, to na wa za a yarda da shi? Gara kanti, sikeli ba ya ƙarya. Abin bai tsaya kan Kaka ba, layin duka ya shafa. Mai daddawan da ke kusa da shi ya sayar da kayansa ya koma acaɓa, mai kuka ya tafi kudu, rumfunan suka zama wurin kwanan awaki. Ba zan ce awon ranar ne kaɗai ya kashe layin ba, dama kantin ya riga ya fara ja. Amma daga ranar ne abin ya yi sauri.

Abin da ya dami Kaka ba kasuwar ba ce. Ya san ayar da ta yi magana kan masu tauye awo, tun yana yaro ya hardace ta, kuma ya ga kansa a ciki. Baba ya kawo masa malamai suka ce babu laifi ga wanda bai sani ba. Ya saurare su da ladabi, ya raka su zaure, ya dawo ya ce laifi daban, haƙƙin mutane daban. Daga nan ya sa aka kwaso buhunan rumfar aka kawo gida. Ya zauna a inuwar darbejiya yana ƙulla su ƙulli ƙulli, ya ɗora mini faranti a ka, muka shiga gari.

Har yau ina tuna yawon nan. Tsoho mai furfura, da sandarsa, yana tsayawa a ƙofar gidajen sa'o'in 'ya'yan cikinsa yana sallama. Idan maigida ya fito sai ya ce, "Na daɗe ina tauye muku awo ban sani ba. Ga wannan, a yafe mini." Wasu su rantse ba za su karɓa ba, sai ya ajiye a dokin ƙofa ya wuce. Wasu matan daga cikin gida nake jin sheshsheƙarsu. Muka gama cikin gari muka shiga Unguwar Tudu. Mutanen ƙauyukan Kutama da Mainika kuwa ranar kasuwa yake tare su a tasha. Ni kunya ce ta ishe ni a farko, ina tsoron 'yan ajinmu su gan ni. Daga baya kunyar ta tafi, sai tausayi, da wani fushi da ban san wanda zan yi wa ba.

Da muka je gidan malamarmu, ta fito da zani a kafaɗa, ta ji abin da ya kawo shi, sai ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, wace tauyewa? Gyaran da kake yi mini ya ninka abin da mudun ya rage. Da shi na yi wa yarana miya lokacin da ba ni da kowa a garin nan."

Kaka ya ce, "Malama, gyara kyauta ce na ba ki. Mudu kuwa naki ne kika saya. Ba a cike haƙƙi da kyauta." Ta karɓa da hannu biyu tana hawaye, ta ce ta yafe duniya da lahira. Ya ce ya gode, muka wuce gida na gaba.

Ana cikin damina Goggo, ƙanwar babana da ke aure a Kabo, ta haihu. A gidanmu ba a taɓa yin haihuwar da ba Kaka ne ya haɗa yajin jego da hannunsa ba, balle ta 'yarsa. Amma buhuna sun ƙare, ko cittar shayi babu. Inna ta dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Da yamma ya ce in ɗauko mayafina in raka shi, muka bi ta bayan gida kamar masu zuwa sata.

Ranar na fara shiga kantin. Zan faɗi gaskiya, ya burge ni. Fanka na kaɗawa, ƙasa a share, babu ƙuda, barkono ja wur babu tsakuwa a ciki. Har yajin jego ga shi nan a haɗe, an rubuta a jikin leda. Babu wanda ya tambaye mu wa ya haihu, mace ce ko namiji, ya jikin mai jego. Baba ya ɗauka ya kai wa yaron da ke bakin teburi, aka sa mana a babbar leda. Ni kuma sai na tsaya na buɗe bakin ledar da hannu biyu ina jira, yadda na ga kowa na yi a gaban Kaka. Yaron ya dube ni ya ce, "'Yammata, akwai wani abu ne?" Baba ya ja hannuna muka fita.

Mun so mu ɓoye, amma wanda ya yi rayuwarsa cikin yaji ba a shigo masa da shi gida bai ji ba. Ya kira ni ya ce in kawo. Ya farke leda ɗaya ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya jinjina nauyinta a tafinsa. Muna tsaye muna jiran ya kushe, wallahi da ya kushe da mun ji sanyi. Sai ya ce, "Yajin yana da kyau. Kuma ya cika." Sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya lalubo aljihun tsohuwar rigar da yake zuwa kasuwa da ita. Ya fito da 'yan sandunan kimba da suka maƙale a ciki, ya kakkaɓe su, ya ɗora a kan ledar. Ya ce, "Amarya, ki kai wa goggonki. Ba a kai wa mai jego kaya babu gyara."

Wannan shi ne awonsa na ƙarshe. Bai sake taka kasuwa ba, sai masallaci da inuwar darbejiya, kuma bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo raba 'yan kayansa kowa ya kauce wa mudun, ni na ɗauke shi na sa a cikin kayan aurena.

Yanzu layin 'yan yaji shagunan cajin waya ne. Kantin ya ƙara rassa, ni ma can nake sayayya kamar kowa, kuma ban taɓa samun ledarsu ta gaza ba. 'Ya'yana ba su san ana buɗe bakin leda a jira ba.

Jiyan nan da ƙamshin kimba ya tayar mini da shi, na ciro mudun daga ƙasan gado, na aro sabo a maƙwabta. Na cika na Kaka da garin kuka na yi masa tozo irin nasa, na juye a sabon, na ƙwanƙwasa gindin da ƙotar wuƙa, sannan na ɗebo da hannu na ƙara. Sabon mudun ya cika ya yi ta zuba a kan tabarma. Na san abin da zai ce da yana nan, ya riga ya faɗa wa malama. Duk da haka na zauna ina kallon garin da ya zube, hawaye na ɗiga a kai.

'Yata ta shigo ta same ni a haka, ta ce, "Mama, in kwashe in mayar buhu?"

Na ce, "A'a. Ƙulle shi daban ki kai wa masu mudun. Ki ce gyara ne."