Barakatu Mai Kunun Barka

Shekara da shekaru, idan aka idar da sallar asuba a unguwar Jega Magaji, kafin masu jakuna su fara gangarawa kasuwa, Inna Barakatu ta riga ta durƙusa a bayan ɗakinta tana ɗaga ganyen da ta lulluɓe dawa da shi. Sai ta sa hanci ta sansana, ta tsinci ƙwaya ɗaya ta tauna, sannan ta yayyafa ruwa da tafin hannu ta mayar da ganyen. Dawar da ta tsira ta kai yadda take so kuwa, takan kwashe ta ta baza a tabarma ta sha rana. Daga nan sai dutsen niƙa, sai tukunya, sai ƙamshin citta da kanumfari ya tsallake danga ya shiga gidajen maƙwabta. Da zarar matan unguwa sun ji shi, sai su fara tambayar juna, "Yau kuma gidan wa anka haihu?"

Abin da take haɗawa shi ake kira kunun barka. Ba kunun kanwa ba ne da ake dama wa mai jego, ba kuma kunun tsamiya ba. Na tsiron dawa ne, ja, mai zaƙin kansa, ana shan sa da sanyi ranar suna. Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, sunan da aka yi babu tulun Barakatu a inuwa, mutane kan tashi suna jin kamar an manta da wani abu.

Ba a Jega aka haife ta ba. Daga ƙasar duwatsu ta kudu mahara suka kamo ta tana yarinya, aka sayar da ita a nan. A can garinsu mahaifiyarta ce ke dafa giyar haihuwa, wadda dangi ke sha idan an sami sabon jariri, kuma a gindinta Barakatu ta koyi tsirar da hatsi. Da ta musulunta ta girma, uwargijiyarta ta 'yanta ta kafin ta rasu, sai ta ɗauki aikin mahaifiyarta ta tsayar da shi a rabin hanya. Tana dafawa, tana tacewa, a sha a ranar, ba ta barin sa ya kwana balle ya tashi ya zama abin maye. Wanda ya rage da la'asar, da hannunta take zubar da shi.

Matan Aliero har gobe suna ba da labarin daminar da hanya ta yanke, ta ɗora tulu a ka ta ratsa ruwa har ƙirji, don kada wata matar manomin albasa ta ji kunya a haihuwarta ta fari. Fulanin Maiyama kuma suna tuna yadda ta bi su har ruga, ta zauna cikin matansu, tana yi musu gwarancin Fillanci suna dariya. Inna Barakatu, ke ce ba ki taɓa tambayar ɗan wane ne aka haifa ba kafin ki jiƙa dawa. Ke ce aka ba ki zane kin gode, aka ba ki goro ɗaya ma kin gode.

Amma aikinta da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Kimba.

Ba a daɗe da Nasara suka ci ƙasa ba, aka yi shela a kasuwar Jega cewa duk ɗan da aka haifa daga yanzu ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Mutane suka ji, suka kaɗa kai, kowa ya koma gida ya ci gaba da abin da ya saba. A lokacin akwai wani mai babban gandu a Kimba, ana ce da shi Gado. Cikin bayinsa akwai Tamu da matarsa Zaituna, kuma ana cikin haka Zaituna ta haifi namiji.

Washegari da hantsi Tamu ya iso ƙofar Barakatu, ƙafafunsa duk taɓo. Ya tsugunna ya gaishe ta, rai a ɓace.

"Tamu, lahiya? Ta sauka?"

"Ta sauka, Inna. Namiji."

"To mi ne na ɓata rai?"

"Maigida ya ce babu taro. Ya ce yaro nashi na, kamar ɗan akuyar gidanai. Shi za ya laƙaba mai suna, shi ke nan."

Barakatu ta san abin da wannan ke nufi, domin ita ma sunan da take amsawa ba shi uwarta ta raɗa mata ba. Ta kuma san shelar kasuwa iska ce in babu shaidu. Yaron da liman bai raɗa wa suna a gaban jama'a ba, aka kira shi ɗan wane, gobe kowa zai iya cewa bai san lokacin da aka haife shi ba.

Ta ce, "Kana son taron, ko tsoro kake ji?"

"Duka biyu, Inna."

"Ni ma haka. Tashi ka kamo jaki."

Gado ya hana a taɓa ko zangarniya ɗaya daga rumbunsa. Barakatu ba ta roƙe shi ba. Jar dawarta ta iri, wadda ta ajiye don shukar wannan shekarar, ita ta ɗora wa jaki. Ta sauka a bukkar Zaituna, ta jiƙa dawa, ta lulluɓe.

Da Gado ya ga ba ta da niyyar tafiya, sai ya canza dabara. Ya zauna a dandali cikin dattawa ya ce, "Kun san ɗiyar arna ta. Giya take dahwawa cikin garinmu, ta ce kunu na." Kafin azahar magana ta game Kimba, har ta kama hanyar Birnin Malam. Matan da jiya suka shigo barka suka ɗauke ƙafa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ta tabbata a zukatan mutane, babu gidan Musulmi da zai sake buɗe mata ƙofa daga nan har Maiyama, kuma ana iya kai ta gaban alƙali. Zaituna ta riƙe mata hannu tana kuka.

"Inna, ki koma gida. Mu mun saba. Kada ki rasa naki saboda namu."

Barakatu ta zare hannunta. Ta yafa zane ta nufi gidan Liman Malami, ta yi sallama da matarsa Amariya, mace mai faɗin gaskiya wadda duk Kimba ke jin nauyinta.

"Amariya, kin ji abin da a ka hwaɗi."

"Na jiya. Gaskiya ta?"

"Rabi gaskiya ta. Uwata giya take yi, kuma hannunta na koya, ba ni ɓoye wannan. Amma tun da na yi shahada ban bar tukunyata ta kwana ba. Ba ni son ki yarda da bakina. Zo ki zamna, ki gani da idonki."

Amariya ta dube ta. Sannan ta shiga ta yi magana da mijinta, ta fito da tabarmarta a hammata.

Tun daga ranar, kullum da safe Amariya na bakin bukkar bayi, abin da ba a taɓa gani ba. Ta ga tsiro ya fito, ta ga an shanya. Da aka zo niƙa, hannun Barakatu ya gaji, sai matar liman ta naɗe zane ta karɓi ɗan dutse. Mata suka fara leƙowa ta danga, yau ɗaya, gobe uku, har wata ta kawo itace, wata ta kawo zuma a ɗan kasko.

Saura rago. Tamu ba shi da ko kaza. Ana gobe suna sai ga wani Bafulatani daga Maiyama, Jibrilla, yana jan farin rago. Labari ya kai musu ruga. Ya ɗaure shi a gindin gawo ya ce, "Inna ta yi muna sunan ɗiyanmu ba ta ƙi ba. Wanga na yaro na."

Da gari ya waye Barakatu ta hura wuta, Amariya na gefenta. Kafin rana ta ɗaga an tace, an zuba a tuluna, an jera a inuwa. Liman Malami ya zo ya zauna. Mutane suka taho a hankali, suna waige-waige, har fili ya cika. Amariya ta cika ƙwarya ta farko, ta sha a gaban mata, ta aika wa mijinta. Liman ya yi bisimilla ya sha. Aka yanka rago, aka yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an raɗa wa yaro Isa, Isa ɗan Tamu. Tamu ya sunkuyar da kai.

Ana cikin haka Gado ya iso, ya tsaya a bakin fili da sandarsa. Barakatu ta wanke sabuwar ƙwarya, ta cika, ta taka har gabansa ta durƙusa.

"Maigida, an sami ƙaruwa garinka. Ga na barka."

Ya karɓa. Ya dubi kunun, ya dubi liman, ya dubi jama'a, mutanen da yake sallah da su sahu ɗaya. Bai sha ba. Ya mayar mata da ƙwaryar, ya juya ya tafi. Bai ce Allah ya raya ba, amma daga ranar bai sake cewa yaro nasa ne ba.

Ba a ce komai ya gyaru nan take ba. Tamu da Zaituna sun ƙara shekaru a gandun Gado kafin su sami kansu. Barakatu ba ta yi shuka ba a wannan damina, kuma akwai gidaje a Jega da suka daɗe ba su kira ta ba. Sai dai bayan sunan Isa, bayi a Kimba da Birnin Malam suka fara yin taron sunan 'ya'yansu a fili, kuma kusan duka ita ta je. Isa kuwa yanzu saurayi ne, yana noman albasa a fadamar Aliero, gonarsa ta kansa.

Bana gwiwoyin Inna sun ƙi. Ba ta iya ɗaukar tulu, ba ta iya doguwar tafiya. Ta kira Zaituna ta damƙa mata tukwane da mataci, ta ce kowa ke son koyo ƙofa a buɗe take.

Inna Barakatu, uwar masu suna, mun gode. Ke ce aka raba da uwarki kina ƙarama, kika hana a raba 'ya'yan wasu da sunan ubansu. Ke ce aka jefa da asalinki, ba ki musa ba, ba ki kuma sunkuya ba. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya.

Ku kuma matan Jega da Aliero da Maiyama, in kun ji an haihu a gidan da babu mai zuwa, ku ɗauki abin da kuke da shi ku je. Wanda kuma ya san an sha kununta ranar sunansa, kada ya jira sai an ce ta rasu. Tana nan Jega Magaji, tana ji, tana gani. Ya je ya durƙusa ya faɗa mata sunansa da na ubansa. Za ta gane shi.